Karan Awo a Kujerar Baya

Gabana ya fara faɗuwa ne lokacin da mai motar ya tsaya a gefen wata gona, bayan mun wuce Kabo, ya fita ya karyo karan dawa. Ya zagayo ya buɗe ƙofar da nake, ya ce, "Ƙanwata, ɗan matsa gaba kaɗan." Na matsa. Ya shimfiɗa karan a jikin kujerar, daidai inda bayana yake jingine, ya sa farce ya yi alama, ya karye ragowar ya yar. Abokinsa ya leƙo daga kujerar gaba ya ce, "Ya isa kuwa?" Shi kuma ya ce, "Zai shiga."

Sau ɗaya na taɓa ganin an yi irin wannan awo. Ranar da kakata ta rasu, ina laɓe a bayan ƙofa, kawuna ya shigo da kara ya gwada tsawonta tana kwance, ya fita da shi ya ba masu haƙar kabari. Tun daga ranar, in na ga kara a hannun namiji ba a gona ba, sai jikina ya yi sanyi.

Bari in koma farko, don 'yan'uwana mata masu karatu su gane yadda aka yi na shiga motar.

Mun tashi da asuba daga gida, ni da yayana, ya raka ni tasha. Rogo zan je, wajen gwaggona da ta haihu, in zauna in taya ta aiki tunda na gama sakandare ina jiran sakamako. Muka tarar da tasha cike da mutane, mota babu. Duk direbobin suna layin mai, wasu tun shekaranjiya. Bas ɗaya da ta zo, kafin ta tsaya an cika ta ta taga. Har hantsi ya yi muna tsaye, sai yayana ya hango wani da suka yi firamare tare, da wata tsohuwar mota ruwan toka. Suka rungume juna, suka yi ta tsokanar juna da sunayen yarinta. Ashe Rogo za shi, ɗaurin auren ƙanensa. Yayana ya ce, "Ga amana nan, ka kai min ita har ƙofar gida." Mai motar ya ce babu komai, sai dai zai ɗan tsaya Karaye ya yi wani aiki. Ban tambaye shi ko wane aiki ne ba. Yayana ma bai tambaya ba, kuma da ya juya zai tafi na ji yana cewa a ransa amma a fili, "Kai, rabona da shi ya fi shekara goma."

Wannan maganar ita ta dawo min bayan awon karan. Ita da labaran da ake ta yi a unguwarmu a 'yan kwanakin nan, na 'yan yankan kai masu ɗaukar mutane a mota mai kyau da magana mai daɗi. Motar nan dai ba ta da kyau, da wannan na riƙa lallashin kaina.

Hanyar kanta da daɗin kallo, in da hankalina yana jikina. Kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina dammuna jingine da juna. Mata a gindin bishiya suna tsinkar gyaɗa. Kwaltar kuwa rami ya cinye rabinta, mai motar yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan. Sun saya min dafaffiyar gyaɗa a hanya, cike da kwano a kuɗin da a Kano ko rabinsa ba za a ba ka ba. Na karɓa na yi godiya, amma ban ci ba. Na ɗaure ta a bakin mayafi, ina tunanin ko an barbaɗa mata wani abu. Gyaɗar da ke cikin ɓawonta fa!

Akwai kuma wani abu da abokin nasa ya rungume a cinya tun daga Kano, zagayayye, naɗe cikin bargo. Duk ramin da za mu faɗa sai ya ɗaga shi kamar jariri. Da muka isa Karaye, muka tsaya ƙofar gidan wani kafinta, zan fita sai na gifta kusa da abin. Fil ɗin da na maƙale mayafina da shi ya fizge kansa ya manne a jikin bargon. Wallahi da idona na gani. Abokin ya cire ya miƙo min yana dariya, ya ce, "Haka yake yi." Na yi darasin maganaɗisu a aji biyu, har na ci shi a jarrabawa. Amma a wannan lokacin ko kusa bai zo min a rai ba. Abin da ya zo min shi ne tsafi.

Aka ce in shiga cikin gida wajen matar kafintan. Mace ce mai fara'a, ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar mun san juna. Ta zubo min ɗanwake da soyayyen kifin dam ɗin nan nasu na Karaye, wanda ta ce tun da aka tare ruwan har yara sun gaji da shi. Ƙamshinsa ya cika tsakar gida, ni kuwa ko taɓa shi ban yi ba. Daga waje ina jin zarto yana cin katako, can kuma guduma. Na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, me suke yi ne?" Ta ce, "Akwati, wai. Tun makon jiya aka aiko masa ya tanadi falanki mai kauri." Na ce, "Akwatin me?" Ta watsa hannu ta ce, "Oho musu, harkar maza. Ci kifinki."

Da na je alwala na leƙa ta wata kafa a jikin zana. Ga akwatin nan, dogo, an yi shi daidai da karan. Kafintan yana cusa auduga fara sol a cikinsa, yana liƙe kowace kusurwa da gam. Wani mutum da na ji suna kira mai rediyo yana tsugune da wayoyi a baki. Ga baƙin yadi a ninke. Na ji kafintan yana cewa, "A bar masa ƙofar iska a nan, in ba haka ba sai ya shaƙe." Kara, auduga, yadi, akwati. Ni dai a sanina Musulmi ba a sa shi cikin akwati, makara ce da likkafani. To mutanen nan wane irin abu suke bi? In kuma na gawa ne, me gawa za ta yi da iska? Duk ta inda na ɗauko tunanin sai ya tsinke a hannuna.

Za ku ce me ya hana ni gaya wa matar. Na buɗe baki har sau biyu. Amma mijinta ne ke buga ƙusar.

Bayan azahar aka kira ni. But ɗin motar a rufe, abin da ke cikin bargo babu shi, karan kuma yana kwance a ƙasan kujerar baya, inda zan sa ƙafa. Na shiga, don ban san yadda ake ƙin shiga ba.

Mun bar Karaye ba da nisa ba, mai motar ya taɓa wani abu a gabansa. Sai na ji dum, a tsakiyar bayana. Dum, dum. Ba a kunne na ji ba, a ƙashin haƙarƙarina na ji. Kamar mutum a rufe yana dukan katako da dunduniya. Ya ɗan tsaya, ya sake. Babu waƙa, babu magana, sai wannan dukan. Su biyun suka kalli juna suka washe baki. Abokin ya ce, "Ka ji shi ko? Da ƙarfinsa." Mai motar ya ce, "Na gaban ne suka ƙi, wata waya ya bari. Sai mun isa." Ban gane komai ba. In akwatin nawa ne, wa ke ciki? In an riga an sa wani, ni ina za a sa ni? Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Hanyar Rogo ta fi ta baya lalacewa. A wani wuri da ruwan damina ya yanke ta, dole mota ta yi tafiyar hawainiya. Na hango mutane a gona suna girbi, da wata tsohuwa a bakin wani gida tana sheƙar gyaɗa. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na faɗi, na tashi, takalmina ɗaya ya tsaya a can. Na faɗa jikin tsohuwar ina cewa, "Iya, ki cece ni! Akwai mutum a bayan motar, sun gwada ni da kara!"

Ta yi salati da ƙarfi, ta tura ni bayanta. Kafin in maida numfashi masu girbin sun zagaye motar, da lauje da sanduna. Mai motar ya fito yana cewa, "Ku tsaya, ƙanwar abokina ce," amma motar tana kunne, but ɗin yana ta dum, dum, kowa yana ji. Wani ya ɗora hannu a kai ya janye da sauri, ya ce, "Da ransa!" Sai na ji ƙarar gilashi. Na ga sanda ta sauka a kafaɗar mai motar, wata a gefen bakinsa. Abokin ya shige ƙarƙashin sitiyari yana rantsuwa. Wani yana ihu a kawo wuta.

A nan wani tsoron ya hau kan na farko. Na ga jini a rigarsa ta zuwa biki, na tuna dariyar da suka yi da yayana da safe. Idan fa ba haka ba ne? Idan kuma haka ne?

Allah ya kawo limamin ƙauyen, dattijo siriri, yana tafe a hankali da carbi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda ya ƙara ɗaga sanda, shi zai amsa a gaban hukuma da gaban Allah. Malam, buɗe mana." Aka buɗe. Ga akwatin lulluɓe da baƙin yadi, an ɗaure shi a jikin kujera, yana rawa. A fuskarsa akwai wani baƙin faifai mai faɗin tire, yana shiga yana fita kamar fatar ganga.

Mai motar, yana tofar da jini, ya ce, "Allah gafarta malam, lasifika ce. Babbar, mai fitar da ƙasan kiɗa. Sai an yi mata akwati take aiki. Don bikin ƙanena na sa."

Liman ya ce, "Kashe rediyon." Aka kashe, dukan ya tsaya. "Kunna." Ya dawo. Ya sa aka yi haka har mutane suka fara kallon ƙasa. Abokin ya lalubo wayar lasifikokin gaba da ta saki ya murɗa. Sai kiɗan kalangu ya ɓarke gaba da baya, har kajin tsohuwar suka watse. Ita kanta ta dafe ƙirji ta ce, "Yo wannan ai gara mutum a ciki!" Aka fashe da dariya, irin dariyar masu jin kunya. Wanda ya fasa gilashin ya sulale. Wata ta kawo ruwan ɗumi da gishiri.

Mai motar bai yi dariya ba. Bai kuma zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya goge bakinsa, ya ɗauko takalmina daga kan hanya, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Sa mu tafi. Har ƙofar gida na ce masa."

Daga ɗakin gwaggona nake wannan rubutu, kuma har yau in an buga turmi a maƙwabta sai na zabura. Na yi ta neman abin da tafiyar ta koya min, ban samu wanda ya zauna daidai ba. Gwaggo ta ce na yi daidai da na gudu, mijinta ya ce da na yi tambaya tun a Kabo. Ina ganin duk sun yi gaskiya. Abin da na sani shi ne tambaya ɗaya ta gagare ni, wani bawan Allah ya halarci auren ƙanensa da kumburarren baki.

Amma a can bakin hanyar, ko bayan na ga lasifikar da idona, zama na yi a ƙasa na ƙi shiga motar. Ina riƙe da zanen tsohuwar ina cewa, "Karan fa? Karan fa?" Liman ya tambaya, wane kara? Aka ɗauko masa daga ƙasan kujera. Ya juya shi a hannu, ya dubi inda aka karye. Na gane ya san abin da na gani a ciki, don shi ake kira duk lokacin da aka yi rasuwa a garin.

Ya ce, "Miƙe tsaye, 'yata."

Na miƙe. Ya kafa karan a ƙasa kusa da ni. Ko ƙirjina bai kai ba.

Ya ce, "Na gwada mutane da yawa da irin wannan, ban taɓa rage wa kowa ba. Wannan faɗin mota ne. Ba naki ba ne, 'yata. Babu abin da zai same ki."

Ya karya shi biyu a gwiwarsa, ya miƙa wa tsohuwar ya ce ta hura wuta da shi. Ana kiran la'asar na sa takalmina.