Rasor Mai Lamba Goma Sha Biyu

Motar ja ce, ƙofa biyu gare ta, kuma cikinta kusa da ƙasa yake har kaza sai ta sunkuya kafin ta bi ta ƙarƙashinta. Tun ina ɗan makaranta a lakwal nake mafarkin irinta. Da na samu aiki a biro, wato ofis, a Dogon Dutsi na yi shekaru ina ƙuntata wa kaina, har aka kawo mini ita daga Kwatano, ta hannu ce amma injinta lafiya lau. A kan kwalta, in na miƙe hanyar Dosso, ba ni da abin cewa. Sai dai uwata ba a bakin kwalta take zaune ba.

Garinmu yana gaba da Matankari, hanyar jar ƙasa ce mai gargada, ga rairayi a kwari. Inna tana fama da ciwon baya, lokotoro ya ce duk wata ta zo asibiti ya duba ta. Motar kasuwa take shiga, ta wuni a tasha, a matse ta tsakanin buhunan wake da akuyar wani. Ranar da na karɓi makullin motata na aiki ƙanwata ta gaya mata wannan wahala ta ƙare, ni zan riƙa ɗauko ta. Aike na yi domin ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in tana da magana da ni sai ta juya ta gaya wa ƙanwata, ko da ina zaune a gabanta. Haka muka taso, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Tafiyar farko ban kai gida ba. Cikin motar ya daki tudun tsakiyar hanya sau uku, a na huɗu ta zauna daram cikin rairayi. Masu amalanke ne suka fitar da ni, suna turi suna dariya, ɗayansu yana tambaya ko in bar ta ta yi girma tukuna.

Na dawo raina a ɓace na shiga bincike a waya. Nan na gano akwai ƙafafun da ake sa wa irin waɗannan motoci: amortisa mai shanye tsalle, haɗe da rasor, wato ƙarfen nan mai murɗe da ke ɗaukar nauyin mota, kuma jikinsu da zare da zobba, ka murɗa mota ta tashi, ka murɗa ta sauka. Na ce alhamdulillahi, ga maganina. Na kira wani mai sayar da kayan mota a Kwatano, ya ce yana da su, amma in zaɓi ƙarfin rasor: shida, takwas ko goma sha biyu.

Sai na tafi wurin bakaniken da nake kai wa mota, wani dattijo mai garaji kusa da tasha. Duk motar ƙauyen da ke shiga Ɗan Kassari ko Matankari ta taɓa kwana a hannunsa. Baba nake ce masa.

"Baba, ga lambobi uku, wacce zan ɗauka?"

"Lambar mi?"

Na yi masa bayani yadda aka yi mini: kilo nawa za a ɗora wa ƙarfen kafin ya lotsa milimita guda. Shida ta fi taushi, sha biyu ta fi tauri.

Ya kalle ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Ɗana, har tambaya kake? Hanyar garinku za ka bi. Ka taɓa ganin an rage ma motar ƙauye lam? Ƙarawa ake yi. Ɗauki mai ƙarhi."

Lam su ne faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin motocin kasuwa, kuma gaskiya ne, tun ina yaro ƙarawa nake gani ana yi. A wurinmu mota mai kyau ita ce wadda za a lafta wa gero har sama ba ta durƙusa ba. Na kira mutumin Kwatano na ce sha biyu. Ya ce wannan ta filin tsere ce, na tabbata? Na ɗauka so yake ya ajiye wa wani mai kyan. Na ce masa ni ba yaro ba ne, ya aiko abin da na ce.

Da kayan suka iso Baba ya ɗaura su. Zobba biyu ne a kowace ƙafa, ɗaya a gindin rasor, ɗaya can ƙasa. Ya kama na gindin rasor ya yi ta murɗawa da kile, wato sufana, har ƙarfen ya matse tam, mota ta ɗago. Ya kira ƙarti uku daga tasha suka zauna a bayanta, ko motsi ba ta yi ba.

"Ka gani? Ko buhu goma ka ɗora."

Ni kuwa baki har kunne. Na hau kwalta na gwada, ta kama hanya ƙam, kwana ba ta ko karkata. Na yi ta yabon kaina.

Ranar ganin lokotoro na kama hanyar gida da safe. Ina sauka daga kwalta haƙorana suka fara haɗuwa. Madubi yana rawa, makulli yana kaɗawa, kowane ƙaramin tudu sai na ji shi a tsakiyar kaina. Na ce wa kaina ai don babu kaya ne, motar kasuwa ma haka take in ba lodi, da an ɗora mata nauyi za ta kwanta. Wallahi har na isa gida bai faɗo mini a rai ba cewa nauyin da zan ɗauka tsohuwa ce da ba ta kai buhun gero guda ba.

Kujerar baya ba wurin zaman babba ba ce, sai ƙanwata ta naɗe a can, Inna ta zauna kusa da ni tana kallon taga. Muka taho. Motar tana tsalle, tana dukanmu daga ƙasa, na rage gudu abin ya ƙaru, na ƙara gudu ya fi muni. Inna ta ci gaba da kallon taga. Wajen Matankari na ce wa ƙanwata ta tambaye ta ko lafiya.

Inna ta ɗan juya baya. "Ki ce mishi lahiya lau. Allah shi yi albarka."

Na ji daɗi, sakarai da ni. Na kai ta, na mayar da ita a kan wannan hanya, na dawo ina gaya wa abokan aiki na cika alkawari.

Bayan kwana uku ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, Inna tun ranar nan ba ta tashi ba. A zaune take salla. Ta sa ni na yi alkawari ba zan hwaɗa maka ba, wai kar ranka ya ɓaci da motarka."

Ban san lokacin da na isa garaji ba. Na yi wa Baba magana da muryar da ban taɓa yi wa babba ba, har yau ina jin kunyar abin. Shi ko a jikinsa. Ya ce ƙarfe ba ya laifi, nauyi ne babu, in sa buhun yashi biyu a baya. Na sa. Dukan ya ɗan ragu, cikin motar ya koma gogar ƙasa, ga ni ina yawo cikin gari da yashi kamar mai gini.

A saman kowane amortisa akwai ɗan maɓalli da ake juyawa yana ƙas ƙas, wai na sassauta shi ne ko tsaurara shi. Na ɗora raina a kansa. Na samo ƙwarya, in cika ta da ruwa in ajiye a kujerar Inna, in bi gargadar bayan gari in ga abin da zai rage. Duk yamma bayan an tashi daga biro aikina ke nan. In na tsaurara, ruwan ya watse har gilashi. In na sassauta gaba ɗaya, motar ta dinga tsalle ba ta tsayawa, ruwan ya ƙare a cinyata. Na juya maɓallin nan ta kowace fuska, kujera ta jiƙe har ta fara wari, ƙwarya biyu na fasa, ɗaya da gangan.

Wata ya zagayo, Inna ta shiga motar kasuwa. Ƙanwata ta ce Inna ce ta hana a gaya mini ranar. Ta ƙara da nata: "Ka sai da abin ga ka sayi mota irin ta mutane." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kashe wayar. Ban iya rabuwa da motar ba, wannan kuma laifina ne, ba na Baba ba.

Na haɗiye girman kai na sake kiran mutumin Kwatano. Bai ce ai na gaya maka ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce rasor mai tauri ba ya lotsawa sai da nauyi ko gudu mai yawa, in ba haka ba duk abin da taya ta taka jikin mutum ne zai sha. Ya tambayi da wane zobe aka ɗaga motar. Da na gaya masa sai ya yi salati. Zoben ƙasa ne na tsawo. Wanda Baba ya murɗa matse rasor kawai yake yi, taya ta rasa hanyar sauka cikin rami, mota ta riƙa faɗawa gaba ɗayanta. Ya ce in ɗauki mai lamba biyar a gaba, huɗu a baya, dogaye, zai nemo mini.

Sai da na jira wata biyu, domin na farkon da aka aiko faɗinsu bai yi daidai ba. Ƙarin sau biyu ke nan Inna tana wuni a tasha ina da mota a ƙofar gida. Da na daidai suka zo na tsaya a kan Baba har ya gama, ban bar shi ya taɓa zoben gindin rasor ba. Ya danna motar da hannu ɗaya ta lotsa ta dawo a hankali.

"Wagga ai katihwa ce," in ji shi, ya tafi wanke hannu.

Na cika ƙwarya na bi gargada. Ruwan ya yi rawa, kaɗan ya zuba. Na sake bi, na sake, sai da na tabbata.

Ranar asibiti na isa gida da hantsi. Ban aika cewa zan zo ba sai a jajibiri, ina tsoron ta ce a'a. Ba ta ce ba. Ta fito a hankali riƙe da matashi, ta ɗaure ƙugunta da zane biyu tamau. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun asuba ta sha maganin ciwo, kuma ta ƙi cin komai don kar ya dawo a hanya.

Na ce, "Ki gaya mata na gyara. An canza ƙarafan duka."

Inna ta gyara matashinta tana kallon ƙasa. "Ki ce mishi da bai wahal da kanshi ba. Sau guda ce a wata, ina iya daurewa."

Muka taho. Motar tana bin gargada lumui, ramukan da na sani ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ƙarƙashinmu ba a ji. Ina ta satar kallonta. Ta kama maƙalin ƙofa da hannu biyu, bayanta bai taɓa kujera ba, duk ramin da ta hango sai ta runtse ido tun kafin mu kai. Muka wuce Matankari a haka. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, na yi mata magana kai tsaye.

"Inna, ki jingina. Ba za ta buge ki ba."

Na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ɗan juya wajen ƙanwata.

"Ki ce mishi shi dubi hanya."

Har muka hau kwalta ba ta saki maƙalin ba.