Rabi ba ta yanke wurin lallen ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune bakin murhu ina dama koko. Ƙanwarta ce ta kira. Ta ce, "Anti Dije, Rabi ta rasu." Na ce wace Rabi? Kamar ina da wata.

Rabi Mai Bidiyo. Rabi'atuna.

Motar da ta ɗauko su daga Kaduna jiya da yamma ce ta yi karo da tirela. An kai su asibiti, ita ba ta wayi gari ba. An yi jana'izarta kafin azahar. Yanzu na dawo gida. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba mai dogon karatu ba ce, amma in ban faɗi wannan yau ba zuciyata ba za ta kwanta ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Rabi ce ke yi wa dillalan gidaje bidiyo a cikin birni. Kun san gidajenmu. Dillali namiji iyakarsa zaure, ba ya wuce nan in akwai matan aure a ciki. Mai saye kuma yana Kaduna ko Abuja, yana son ya ga tsakar gida da ɗakuna da madafi kafin ya taso. Sai Rabi ta shiga da wayarta. Dillalai su sa bidiyon a sitatus da guruf-guruf, ciniki ya taso daga nan.

Ni ce mai riƙe mata fitila.

Ta same ni ne bayan rasuwar maigidana, ina zaune a ɗakin haya ba abin yi sai koko. Ta zo ɗaukar gidan maƙwabta, na ɗaga mata labule don haske ya shiga. Ta dube ni ta ce, "Anti, hannunki ba ya rawa. Gobe kina da aiki?"

Ita ta koya mini riƙe waya da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Ta ce, "Ki yi tafiyar wadda ta ɗauko kunu cike da kwano, kuma surukarta na kallonta."

In muka shiga gida ba ta kunna komai sai ta gaisa da kowa, har tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki. Sai ta kwashe shanya daga igiya, ta juya hotunan aure su fuskanci bango, ta tara matan a ɗaki ɗaya ta ja musu ƙofa. In wata ta leƙo sai ta ce, "Ke amarya, koma ciki. Gidan aka ce a sayar, ba a ce da ke ba."

Ba ta taɓa sayen awara ta ci ita kaɗai ba. In hadari ya haɗu sai ta kira ni, "Anti Dije, kin sa roba a wurin yoyon nan?" Lokacin da na yi zazzaɓi ita ta riƙa zuwa tana dama kokon, don kada masu saye su koma wani gidan.

Amma abin da aka fi saninta da shi, Rabi ba ta yanka bidiyo. Daga zaure take farawa, ba ta tsayawa sai bayan gida. In azara ta ruɓe za ta nuna. In ɗaki yana yoyo za ta ce, "Nan yana zuba da damina, ba zan ɓoye muku ba." Da farko dillalai sun yi ta faɗa. Daga baya suka ga masu saye na cewa in ba bidiyon Rabi ba ne ba sa so.

Kwanakin baya aikin da ya zo mana gidanmu ne. Gidan mahaifina, nan cikin Ƙofar Kibo.

Bayan rasuwar Inna magada suka zauna, aka ga gidan ba ya rabuwa, sai dai a sayar. Ni ma na yarda. Babban wanmu, Yaya Sani, ya ba Malam Isiya dillali. Malam Isiya ya samo wani Alhaji a Kaduna da ke son ya rushe ya gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ina tsaye bayan ƙofar zaure na ji yana cewa kusurwar baya, bayan ɗakin Inna, nan za a haƙa sokawe, ramin masai.



A kusurwar nan akwai itacen lalle. A ƙarƙashinsa 'yata take. Haihuwata ta fari, da na zo gida goyon ciki. Ba ta kai suna ba. Baba da kansa ya binne ta nan, yadda ake yi wa jarirai a lokacin, ya kifa fasasshiyar tukunya. Inna ta dasa lallen don kada a taka wurin. Shekaru sun ja, maza sun manta. Ni ko da rana ɗaya ban manta ba.

Ban faɗa wa Rabi ba. Muka fara ɗauka, zaure, soro, tsakar gida, ɗakin Inna. Da muka zagaya baya fitilar ta fara kaɗawa a bango. Ta ci gaba da ɗauka har ta ƙare. Sannan ta ce, "Anti, ke da hannunki ba ya rawa. Mene ne a wurin nan?"

Na faɗa mata.

Ta zauna a kan turmi. Can ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Mu koma zaure. Daga farko."

A karo na biyu, da muka iso lallen, ta tsaya. Ta rage murya ta ce, "A ƙarƙashin lallen nan akwai kabarin jaririya, 'yar gidan nan. Duk wanda ya saya, ya saya da sanin haka."

Malam Isiya ya kalla a zaure, ya dafe kai. Ya ce, "Haba Rabi! Kin taɓa ganin wanda ya sayi gida aka ce masa da kabari? Wata nawa ina wahalar gidan nan. Ki yanke wurin, 'yar daƙiƙa ce."

Ta ce, "Malam, ka san ba na yanka."

Ya ce, "Yau za ki fara."

Ta ce, "To ba da hannuna ba."

Malam Isiya ba mugu ba ne, kada wani ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan. Mutum ne mai iyali, yana tsoron cinikinsa ya ɓaci. Yaya Sani ne ya juyo kaina. Ya ce, "Dije, ke kika sa ta? 'Yan'uwa duk suna jira, za ki kashe mana ciniki a kan abin da ƙasa ta daɗe da cinyewa?"

Ban iya ɗaga kai ba. Shi ne babba, shi ya tsaya a madadin Baba. Me zan ce?

Malam Isiya ya kai bidiyon wani shago aka yanke masa, ya tura wa Alhaji. Ya kuma ce wa Rabi ta gama aiki da shi, kuma zai gaya wa sauran dillalai. Alhaji ya gani ya ce ya saya. Ba a jima ba tifa ta zo ta juye yashi a ƙofar gida, aka jibge bulo. Aka ce masu haƙa za su fara ran Asabar, kuma daga kusurwar baya za su fara.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga mini. In na rufe ido diga nake gani.

Shekaranjiya muka rabu da ita a bakin titi, nan Ƙofar Kibo, tana jiran keke. Ta ce tana da wani aiki a Kaduna, kuma ta binciko unguwar Alhajin.

Na ce, "Rabi, ki rufa mini asiri ki bari. Kina da yara biyu. Kin rasa dillali ɗaya, kada ki rasa sauran."

Ta ce, "Alhaji ba zai saurare ni ba, na sani. Amma yana da mata. Ni kuma sana'ata shiga inda maza ba sa shiga."

Na ce, "In ta kore ki fa?"

Ta yi dariya. "Sai in ce ta ba ni ruwa in sha tukuna." Keke ya tsaya, ta shiga, ta leƙo ta ce, "Ke dai ki ba lallen nan ruwa, na ga ya fara yaushi."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Jiya na yi ta kira ba ta ɗauka ba. Na ce ko tana cikin aiki. Da yamma wayar ta daina shiga gaba ɗaya.

Yau da safe ina kuka, ina neman mayafina, wani abu a ƙirjina yana tambaya, ta kai ko ba ta kai ba? Wayarta ta ragargaje a motar. Cikakken bidiyon a ciki yake, ni ba ni da shi. A hanyata ta zuwa gidansu na bi ta ƙofar gidanmu, na ga har an kawo diga da shebur an jingine a bangon zaure. Na rasa da wanne zan ji.

Muna zaune a tsakar gidansu Rabi bayan an fita da ita, mahaifiyarta na riƙe da yaran, sai ga wata mata ta yi sallama. Ba wanda ya san ta. Ta yi gaisuwa ta zauna, can ta ce, "Wace ce Dije a nan?"

Na ce ga ni.

Ta ce, "Ni ce matar Alhaji, mai sayen gidanku."

Na ɗauka faɗa ta zo yi. Na ɗauka cewa za ta yi mun tura mata yarinya ta tayar musu da hankali.

Ta ce, "Jiya Rabi ta zo mini. Na kawo mata abinci ta ce ba za ta ci ba sai na kalli wani abu. Ta tura mini a wayata. Da safe na ga hotonta a sitatus ɗin mutane." Ta ce, "Tashi ki kai ni in gani."

Na ce, "Hajiya, Alhaji ya sani?"

Ta ce, "Bai sani ba tukuna."

Muka tafi. A zaure muka tarar da Yaya Sani da Malam Isiya, sun dawo daga maƙabarta. Da suka ji ko wace ce, suka gaishe ta suka ba mu hanya. Yaya Sani ya bi ni da wani kallo. Na sunkuyar da kai na wuce.

Ta tsaya gaban lallen ta daɗe. Ta ce, "Ya sunanta?"

Na ce, "Ba ta kai suna ba."

Ta ce, "Nawa biyu ne. Su ma ba su kai ba."

Sai ta kira Alhaji, kiran bidiyo, ta juya wayar ga lallen da gindin tukunyar da ya leƙo daga ƙasa. Ta yi masa bayani. Na dafa bango. Na san in ya ce ya fasa, Yaya Sani ba zai ƙara kallon fuskata ba. In ya ce ba ruwansa, Asabar na nan tafe.

Ya ce, "Me ya sa ba a faɗa mini ba?"



Sannan ya ce, "Ciniki yana nan. A zagaye wurin a bar masa 'yar ƙofa. Injiniya ya nema wa sokawen wani gefen."

Hajiya ba ta jira magina ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, muka fita ƙofar gida muka fara ɗauko bulo, ita da zoben gwal a hannu. Ina dawowa da wani, Yaya Sani ya tare ni a soro ya karɓe shi daga hannuna. Shi ya jera sauran. Malam Isiya na zaune a zaure, hula a gwiwa, yana ta cewa Allah ya jiƙan Rabi.

Na jawo ruwa a rijiya na ba lallen, Rabi. Na ba shi.

Hajiya ta turo mini bidiyon. Na sa shi a ƙasan rubutun nan yadda ta ɗauka, ba a yanke komai ba. In kun ga haske na ɗan rawa wajen ƙarshe, hannuna ne.

Ya Allah, Rabi ta tsare wa 'yata makwancinta, Ka yalwata mata nata. Ka haskaka kabarinta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa Aljanna ce gidanta. Ka raya yaranta, Ka ba mahaifiyarta da maigidanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya yi mata addu'a. Wanda ta taɓa shiga gidansu da sallama, ya karanta mata Ƙulhuwallahu. In kun kalli bidiyon, ku kalla har inda ta rage murya, sannan ku ce amin.