Kaset ɗin Baba a Kwallar Aro

Rabonmu na kuɗin man fetur, mu 'yan unguwarmu a Ƙanƙara, ya iso ne a siffar rediyo mai kaset. Duk wanda aka yi wa ƙarin albashi sai ya sayo, ya kai wa tela a ɗinka masa riga, ya riƙa yawo da shi a kafaɗa kamar ɗan fari.

Baba ne ke tafsiri a masallacin unguwa duk azumi. Ɗalibansa suka kafa ƙungiya, da shugaba da ma'aji da komai, don su ɗauki karatunsa a kaset daga izu na farko har na sittin. Suna da dalilin yin sauri. Muryar Baba ta fara dishewa, kowace shekara tana raguwa, kuma shi da bakinsa ya ce burinsa ya ga karatun ya haɗu cif kafin ta tafi gaba ɗaya.

Kaset kuwa ba ya gajiya da haihuwa. Kwalin sabulu ya cika, na biyu ya cika, gara ta leƙo ta ɗanɗani gindin na uku. Sai aka kira taro a zauren gidanmu, mu mata muna bayan bango muna kasa kunne. Shugaba ya ce a sayo kabad ɗin ƙarfe daga Funtuwa, irin na ofis. Ma'aji, mutumin da ko gaisuwa sai ya auna yake bayarwa, ya ji kuɗin sai tari ya sarƙe shi. Wani ya kawo shawarar rumbu, aka tuna masa gobara. Baba ya ce shi sharaɗinsa ɗaya, kowane kaset a yi masa ɗan'uwa, kuma kada a ajiye su wuri guda. Tarin ma'aji ya ƙaru, don ya ga kabad ya zama biyu.

Inna ce ta aika da magana daga cikin gida. Ta ce tana da 'ya'ya mata uku a gidan aure, kowacce da kwalla jere har rufin ɗaki, manyan kwanonin nan masu fenti da murfi da ba a girki da su, ba a ci a cikinsu, sai dai a goge a kalla. Ɓera ba ya huda kwalla, gara ba ta cin ta, kuma ba a haifi namijin da zai ɗaga murfinta ba. Ban taɓa jin ma'aji ya amince da magana da sauri irin na ranar ba.

Na asali suka zauna a kwallata a Ƙanƙara. Kwafin rabin farko ya tafi wurin Yaya a Faskari, na rabin ƙarshe wurin autarmu a Sabuwa. Ni ce mai kwafa. Rediyo biyu nake haɗawa baki da baki a ɗaka, ɗaya na faɗa, ɗaya na ɗauka, in rufe ƙofa in hana gida numfashi. Ba daka, ba kiran yara. Akuyata ce kaɗai ba ta karɓi dokar ba, ta kuma sa na maimaita aiki ba adadi.

Shekarar da aka kammala, muryar Baba ta riga ta koma raɗa. Ƙungiya ta zauna tana bin kaset ɗaya bayan ɗaya don tabbatarwa, sai rediyon shugaba ya kama wani daga rabin farko ya tauna. Aka zaro zaren a cukurkuɗe kamar taliya. Baba ba zai iya sake karantawa ba. Amma hankalin kowa kwance, ai ɗan'uwansa na Faskari. Na shiga motar kasuwa ina jin kaina kamar wadda ta ceci gari.

Ina shiga ɗakin Yaya na ga giɓi a jerenta.

"Yaya, ina kwallan da ke nan?"

"Ɗiyar maƙwabta anka kai ɗakin miji Mairuwa, na ba su aro su cika jere." Sai ta dafe ƙirji. "Ke, kaset ɗin Baba na ciki."

Na so in yi faɗa, amma wa zan yi wa? Haka ake yi ko'ina. Amaryar da kayanta ba su cika bango ba, 'yan'uwa da maƙwabta ke ara mata, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Sai 'yan ganin ɗaki sun ɗauke ƙafa ake maido da kayan a ɓoye. Ka je ka ce a ba ka kwallarka kafin lokacin, ka tona wa yarinya asiri a gaban dangin miji.

Muka shirya dabara. Za mu je a matsayin 'yan ganin ɗaki, Yaya ta riƙe uwar miji da surutu, abin da Allah ya hore mata, ni kuma in ɗaga murfi. Haka aka yi. Na ɗaga na farko, wayam. Na biyu, wayam. Na bi su duka, ko ƙura babu. Na zauna bakin gado ina tunanin da wane baki zan gaya wa Baba.

Ana idar da la'asar sai na ji shi. Muryar Baba ce daga tsakar gida, garau, irin ta da, wadda ke kaiwa bakin kasuwa ba lasifika. Na fito na tarar da matan gidan da na maƙwabta zaune kan tabarmi, sun sa rediyo a tsakiya. Hawaye suka zubo mini, don na manta haka yake magana.

Uwar mijin, wata Hajiya mai fara'a, ta matsa mini wuri. "Zamna, ɗiyata. Kin ga yarinyar ga da anka kawo muna? Wasu da kwalla ba komi suka zuwa, ita da karatu ta zo. Mu da ba mu zuwa masallaci, ga malami har gida."

Amarya ta dube ni ta ƙasan mayafi, idonta na roƙo. In na ce na Babana ne, na gama da ita. Na haɗiye maganar.

"Hajiya, ko za a ba mu aron guda mu kwafa?"

"Aro kam a'a, ba ya fita gidan ga. Ki kawo naki rediyon ki ɗauka nan."

Haka na koma Mairuwa da rediyo da sabon kaset, ina neman alfarmar ɗaukar muryar ubana. Na roƙi matan su yi shiru, suka ce to. Baba bai kai ƙarshen aya ta farko ba wata ta ce "Allahu akbar". Wata ta ce "Mi ya ce?", Hajiya ta tsaya tana yi mata bayani. Da ya zo kan rahamar Ubangiji ga iyaye, wata tsohuwa ta sa kuka a hankali. Na duba, ba akuyar da zan kora, na bar kaset yana juyawa.

A zaure, shugaba ya ji kwafin ya ɓata fuska, ya ce wannan ai ya lalace. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya matso da kunnensa jikin rediyon, ya daɗe yana saurare, sannan ya yafito ni, don sai an sunkuya ake jin sa.

"Su wa ke amsawa?"

"Matan Mairuwa ne, Baba."

Tun yana saurayi yake tafsiri, gabansa maza ne zalla, bai taɓa jin mace ta amsa karatunsa ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Karatu ya cika," in ji shi. "Na can a bar musu. Maido mini wurin da tsohuwar nan ta yi kuka."

Na mayar da kaset baya.