Littafin zanen ɗiyar Yaya Sahabi

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Malam Sahabi makwancinsa a Ƙaura Namoda, Allah ya jiƙansa. Malamin firamare ne, amma da zane gari ya san shi. In mun je kasuwar Shinkafi, ni ina cinikin rago, shi yana zana ragon. Akwai shanun Moriki da suka saba da shi, da sun hango shi sai su gyara tsayuwa.

Bana ɗiyarsa Hindatu, wadda ya bari tana shekara takwas, ta ce mini tana son ta riƙa zana abu ɗaya da ta gani kowace rana, kamar babanta. Amma ta ƙara da cewa, "Baffa, in bai yi kyau ba bari zan yi, kada in ba Baba kunya."

Ni kuwa mai son a gani, na shiga shagon littattafai na ce a sauko mini da babbansu. Aka kawo wani mai bango kamar ƙofar banki, faɗinsa ya isa a shanya barkono. Na haɗa da fensiran kala talatin da shida. Da ƙyar ɗan kabu-kabu ya ɗauke mu, ni da littafin.

Na kai wa Hindatu, wata guda ya wuce ko ɗigo babu a cikinsa. Uwarta ta ce an naɗe shi a zani an ajiye a ƙasan akwati, yarinya kuma ta daina maganar zane gaba ɗaya.

Da Yaya yana nan da ya yi mini dariya har ya zauna ƙasa. Sai a lokacin na tuna yadda yake sayen nasa. Yakan ɗaga takarda ga rana, in haske ya ratso sosai ya mayar. Yakan gwada littafin a aljihu, wanda bai shiga ba ya bar wa mai shago. Fensir ɗaya, reza ɗaya. Sannan tun a bakin shagon ya buɗe shafin farko ya dagula shi da layuka. Na taɓa ce masa ɓarna ce, ya ce, "Kai dai tai ka auna gero. Sabon littafi shi ka hana mutum farawa."

Na ɗauko Hindatu muka koma shagon, ta zaɓi ɗan ƙarami mai kaurin takarda. Na miƙa mata fensir na ce, "Ɓata shafin farko."

"Baffa, sabo ne hwa!"

"Ɓata shi, ɗiyata. Babanki ya ɓata sun fi ɗari."

Ta runtse ido ta ja layi uku a karkace, ta buɗe ta duba, sai dariya ta ƙwace mata.

Ban san me Yaya zai ce da zamanin nan ba, da kowa ke ɗaukar hoto da waya ba ya ko duba abin da ya ɗauka, ga hanyar Zurmi da sai an yi tambaya kafin a bi ta. Littattafansa ma gara ta ci rabi. Amma tsayawa a kalli abu har a gan shi, wannan bai bi shi kabari ba. Jiya Hindatu ta zaunar da ni a zaure, ta ce kada in motsa. Ta cika shafi da tumbina, kai bai samu wuri ba. Na ce a gyara, ta ce gobe wani abin za ta zana.