Atishawar Yayana

Shekarun baya can da nisa, ba a daɗe da shigowar Nasara ƙasarmu ba, na kusa kashe yayana da tabar shaƙa. Wallahi ba wasa nake ba, kuma da wannan hannun nawa na dama na miƙa masa ita.

Muna da lambun albasa a fadamar Katanga, ni da shi. Da jigo muke ban ruwa: dogon itace a kan gwafa, guga a gaba, ƙaton curin laka a gindi don ya riƙa ɗago ruwan. Wata safiya ina jan igiya, shi kuma ya sunkuya a bayana yana gyara bakin fangalin albasa inda ruwa ke shiga, sai igiyar ta tsinke. Curin nan ya sauko da nauyinsa duka, ya same shi a kai. Ni na tufka igiyar. Kwana uku kafin nan ya ce mini ta ci, na ce masa za ta kai mu damina.

Ya ɗan suma, na sheƙa masa ruwa ya farfaɗo, ya zage ni tas, ni kuwa ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Babu wani rauni sai ƙulu da ɗan haɓo. Da ƙafarsa ya tako gida.

Washegari kewayen idanunsa ya yi baƙi, haɓon ya ja baya, sai wani ruwa fari tas ya fara ɗigo masa ta hancin hagu kaɗai. In ya yi sujada ya tsiyayo a kan buzu. Ya ce yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro.

To, nan fa malam ni na tashi da ilimina. Na ce mura ce, tunda lokacin sanyi ne kuma cikin ruwa muke wuni. A wurinmu kuwa, murar da ta toshe kai taba ake shaƙa mata, a yi atishawa a huta. Ina da wata mai zafi da na samo a Maiyama, wadda ko tsohon mashayi sai ya yi hawaye. Na buɗe batta na ba shi. Ya jera atishawa bakwai, ruwan ya ɓalle kamar an huda tulu.

Na ce, "Ka gani, Yaya? Ga ta nan tana hita! Hyace da ƙarhi."

Ya fyace. Na ƙara masa da sirace, na duƙar da kansa a kan tukunya na lulluɓe shi da bargo. Kwana biyu ina wannan aiki, ina jin kaina wani boka. Shi kuwa ciwon kai ya kama shi, in ya miƙe tsaye kamar za a tsaga masa ƙeya, sai ya kwanta yake samun sauƙi.

Yayana shi ne ɗan fari a wurin mahaifiyarmu, kun kuma san kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ko ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take cewa. Duk kwanakin nan ba ta leƙa ɗakinsa ba, tana ta sussuka kamar ba ɗanta ke kwance ba, har na ji haushinta a raina. Ashe duk ƙyallen da ya goge hanci da shi, ita ke ɗaukewa daga kan zana ta duba.

Rana ta uku ta kira ni bayan rumbu, ta miƙo mini wani busasshen ƙyalle.

Ta ce, "Taɓa wanga."

Na taɓa. Na ce, "Inna, ai ba komi."

Ta ce, "Shi na nike gaya maka. Shekara nawa ina wanke majinar ɗiya? Majina in ta bushe ƙandarewa takai. Wanga ya bushe da laushinai, awa ba a jiƙa shi ba. Abin da ke zubo ma wancan ba majina ta ba. Tahi Aliero ka ɗauko mai ɗori."

Na ce, "Ai ba karaya ya yi ba."

Ta ce, "Ban tambaye ka ba."

Asibiti babu shi a zamanin. An dai ce Nasara suna da likita, amma mu ba mu san ko ta ina ake zuwa gare shi ba. Mutanen Aliero kuwa gadonsu ne ƙashi. Na kora jaki, kafin la'asar na dawo da wani dattijo mai ɗori, siriri, marar yawan magana.

Ya shafa kan yayana a hankali, ya duba bayan kunnuwansa. Sai ya yagi farin ƙyalle ya tara a ƙasan hancin. Ɗigon ya sauka, ɗan ja ya tsaya a tsakiya, ruwa garau ya bazu ya yi masa zobe. Dattijon ya daɗe yana kallon zoben nan.

Ya ce, "Mi kunka ba shi?"

Na ce, "Taba, Baba."

"Sau nawa?"

Na fara ƙirga da yatsu, ya ɗaga mini hannu in bari. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin an hwasa kan rago? Ƙwaƙwalwa ba a bushe take ba, cikin ruwa take zaune. Ƙashin ya tsage daga ciki, inda hannuna ba ya kai, ruwan nan shi na ke yoyo. Tsagar tana son ta haɗe da kanta, kai kuma kullum kana ɓalle ta."

Na ce, "Zai tashi, Baba?"

Ya ce, "In an bar shi, da yawa suna tashi. Amma ƙohwa ta a buɗe. In zazzaɓi ya shigo, wuya ya sanƙare, kada ka wahalar da jakinka zuwa gare ni."

Bai ba mu ko saiwa ɗaya ba. Dokoki ya bar mana. A jingina shi kansa a sama. Ba fyace hanci, ba sunkuyawa, ba ɗaukar ko buta. Salla a zaune, da ishara. In atishawa ta taso, ya danne leɓensa na sama har ta koma. Sai an yi wata guda cur bayan ruwan ya ɗauke, sannan ya koma harkarsa.

Ranar nan Inna ta mirgina turminta zuwa maƙwabta, ta hana daka barkono, ta hana shara sai an yayyafa ruwa. Battata kuwa ban san inda ta kai ta ba har yau. Ni kuma kowace safiya sai in shiga in ce, "Yaya, taɓa ƙirjinka da haɓa." In ya taɓa, sannan nake iya haɗiye koko. Yakan ce, "Boka, yau kuma mi ka kawo mini?" Sai in yi dariya.

A rana ta goma ƙyallen ya wuni a bushe. Ba wanda ya yarda ya yi murna.

Wata ya cika, har da ɗoriyar kwanaki. Da hantsi muna zaune a tsakar gida, ina zazzage buhun albasa, ƙaiƙayin ɓawon ya tashi. Kafin yayana ya kai hannu leɓe, ta kufce masa. Atishawa ɗaya, mai ƙarfi. Buhun ya faɗi daga hannuna. Ya ɗauki ƙyalle ya dafa a hanci, ya sunkuya, ya jira, ya ɗago ya duba. Busasshe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na buɗe baki zan amsa masa. Sai muka ji murya daga bayan zana, tana rawa: "Yarhamukallahu."

Inna ce. Yayana yana da furfurar farko a gemu, kuma wannan ce maganar farko da na taɓa ji ta yi masa baki da baki.

Tun daga ranar na daina rubuta wa mutane magani da baki. In na ga abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, kuma ban ga ya rage mini komai ba. Yayana ya rayu ya ga jikoki, bai kuma daina kirana Boka ba. Har yanzu in wani ya yi atishawa kusa da ni sai gabana ya faɗi, sannan wani sanyi ya biyo baya.

Inna kuwa, har ta koma ga Allah, in an tayar da zancen sai ta ɗaure fuska ta ce ita ba ta san wanda ya yi atishawar ba.