Tuwon da muka ci da Inna Ramatu

"Ɗura mata da cokali!" in ji Madam, baturiyar da ke shugabantarmu.

Satina na farko ke nan ina taimakon masu jinya a gidan tsofaffi a unguwar Yantala, farkon samun 'yancin ƙasa. Kwana uku wata tsohuwa, Inna Ramatu, ba ta taɓa abinci ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, me ya hana ki ci?"

Ta ce, "Ɗiyata, mayya ce ni, da za a ware mini kwano ni kaɗai?"

Na wanke hannu, na zauna, muka cinye tuwon tas!

Washegari Madam da kanta ta shimfiɗa tabarma, ta haɗa tsofaffin uku-uku.

Har yau ina alfahari da tuwon nan. Ku fa, wa ke ci da tsohuwarku?