Sa'id Ɗanlami da Amanar Baturen Sikotilan

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Sa'id a birnin Madina a shekarar 1952. Mahaifinsa Ɗanlami Bakatsine ne da ya zo aikin hajji a ƙasa bai koma ba, mahaifiyarsa kuwa Maiturare, haifaffiyar unguwar Al-Awali ce a nan Madina. Bayan ya sauke Alƙur'ani, sai ya koyi sana'ar rubuta allunan shaguna, har aka san shi da kyawun hannu.

Aure da aiki

A 1979 ya auri Halimatu, ya kuma kama aikin fenti a wata matatar mai a garin Yanbu. A can ne, a tsakiyar 1990, wani injiniya ɗan Sikotilan ya kawo masa ɗan ƙaramin hoton kakansa, basarake kuma ɗan majalisar Birtaniya, ya roƙe shi ya zana masa babba da fentin mai. Sa'id bai taɓa zana mai rai ba, amma dai ya amsa. Sai ga mutum ya fito da jan gemu, da mayafi mai gida-gida a kafaɗa, da wasu idanu ruwan toka masu bin mutum duk inda ya juya. Kafin fentin ya bushe aka mamaye Kuwait, Baturen ya tafi a gurguje don tsoron yaƙi. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ajiye mini, zan dawo."

Shekarun fargaba

A 1993 Sa'id ya dawo Al-Awali da zanen naɗe cikin bargo, kuma tun daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya san mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hoton mai rai, ya kuma san ranar ƙiyama za a ce wa mai zane ya hura wa abin da ya zana rai. Limamin unguwa ya ba shi fatawar ya shafe kan mutumin da ke zanen da fenti, shi ke nan. Sa'id ya ce, "Ya Shaikh, ai kan ba nawa ba ne, amana ce." Halimatu ma ta sha cewa, "Wallahi wannan baƙon naka ya fi ka iko da gidan nan." Baturen ba Musulmi ba ne, ba shi da damar shigowa Madina, don haka Sa'id ya yi ta zuwa Yanbu cigiya, ba labari.

Rasuwa

A watan Sha'aban na 2004 ciwon huhu ya kwantar da shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi, sai ya kama hannun babban ɗansa, ya roƙi a fitar da shi daga gidan, kada a karɓi ransa inda mala'ikun rahama ba za su iso ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dabino a bayan katanga, a nan ya cika bayan La'asar. An sallace shi a Masallacin Annabi, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Ya bar Halimatu da 'ya'ya uku, Ja'afaru da Sundus da Zahra, da kuma amanar da har yau ba wanda ya yarda ya gada, ba kuma wanda ya iya taɓawa.